Walton, Kwantena ko Gyaɗar Kano: Wane Littafi Ɗan Kasuwa Zai Fara da Shi?

Ɗan yayana yana da shago a Kantin Kwari, atamfa da shadda yake sayarwa, shekara huɗu ke nan da ubangidansa ya sallame shi. Wata Juma'a bayan an sauko daga masallaci ya biyo ta gidana a Gyaɗi-Gyaɗi, ya tarar da ni a zaure, ya tsaya yana ƙare wa kantar littattafaina kallo. Da muka gaisa sai ya ce, "Baffa, cikin waɗannan littattafan naku na yadda kamfanoni suka faro, wanne zan nema? Kuɗin guda biyu nake da shi, amma lokacin guda ɗaya." Ya ƙara da cewa ba ya son na masu kwamfuta da intanet. Shi yadi yake aunawa, labarin waɗanda suka taɓa kaya da hannunsu yake so.

Amsar da na ba shi ranar gajeriya ce, don ana jiransa a wurin ɗaurin aure. Wannan ita ce doguwar.

Abin da zan fara faɗa wa duk mai irin wannan tambaya shi ne ya duba wanda yake ba da labarin kafin ya duba sunan kamfanin. Akwai littafin da mai kamfani ya rubuta da bakinsa, akwai wanda wani ya rubuta a kan mai kamfanin bayan ya tono takardunsa, akwai kuma wanda bai damu da mutum ɗaya ba, sana'ar gaba ɗaya yake bi tun daga tushe. Daɗin karatu yana raguwa daga na farko zuwa na uku. Amfani kuwa, a ganina, ƙaruwa yake yi.

Na bakin mai shi guda biyu ne suka fi yawo a hannun masu sayar da littattafai a Sabon Gari: Made in America na Sam Walton, mai jerin manyan kantunan Walmart na Amurka, da Shoe Dog na Phil Knight, mai Nike.

Na Walton ya fito a 1992, shekarar da ya rasu, kuma shi ne ya fi kusa da rayuwar mai shago. A 1945 ya sayi wani ƙaramin kanti a garin Newport da ke jihar Arkansas ta Amurka, da dala 20,000 da surukinsa ya ranta masa da dala 5,000 tasa. Cikin shekara biyar ya ninka cinikin kantin fiye da sau uku. Sai mai ginin ya ƙi sabunta masa haya, don yana son wurin ga ɗansa. Da aka buɗe takardar yarjejeniya aka ga babu sharaɗin sabuntawa a ciki, Walton bai karanta da kyau ba lokacin da ya sa hannu. Haka ya tattara ya koma Bentonville a 1950 ya sake sabon lale, kuma sai a 1962 ya buɗe Walmart na farko a garin Rogers. Duk wanda ya taɓa raya shago a Kwari ko Singa ko Wambai, ya tara masu saye, sannan aka zo aka ce masa mai wuri yana son abinsa ko an ninka kuɗin haya, ba sai an yi masa bayanin wannan babi ba.

Akwai kuma lissafinsa na riba, wanda ya bayyana da misali mai sauƙi: kayan da ya sayo senti 80, in ya sa masa dala ɗaya yana sayar da ninki uku na abin da zai sayar in ya sa dala ɗaya da senti 20. Riba a kan kowane ɗaya ta ragu da rabi, amma jimillar ta fi. Ba sabon ilimi ba ne a Kano, manyan dilolin Singa a kan haka suke, riba kaɗan, kaya su yi ta juyawa. Abin da littafin ya ƙara shi ne nuna yadda mutum ya riƙe wannan ƙa'ida shekara arba'in ba ya gajiya, yana shiga kantunan abokan hamayyarsa da takarda da biro yana rubuta abin da suka fi shi. Turancinsa na hira ne, wanda ya gama sakandare zai bi shi ba tare da ƙamus a gefe ba. Ana iya karanta shafi biyar, mai saye ya shigo, a ajiye, a dawo ba a ɓata ba.

Shoe Dog, na 2016, ya fi shi daɗi nesa ba kusa ba. Kamar labarin ƙirƙira yake tafiya. Knight ya je Japan a 1962 yana saurayi, ya shiga ofishin kamfanin takalma na Onitsuka a birnin Kobe ya ce shi wakilin wani kamfani ne mai suna Blue Ribbon, alhali kamfanin bai wanzu ba tukuna. A 1964 shi da tsohon mai horar da shi gudu, Bill Bowerman, kowa ya sa dala 500, ya riƙa sayar da takalman daga but ɗin motarsa a filayen wasanni, yana kuma aikin akanta don ya ci abinci. Sunan Nike sai a 1971 ya zo, alamar nan da ke jikin rigunan yaranmu kuwa dala 35 aka biya ɗalibar da ta zana ta. Wanda yake sayo kaya daga waje zai ga kansa a ciki: kaya su makara a teku, a aiko launin da ba shi ka ce ba, mai masana'anta ya fara neman wani wakilin a bayan idonka.

Amma ga inda na ja wa ɗan yayana kunne. Littafin daga farko har ƙarshe labarin bashin banki ne. Knight kullum a bakin rami yake, yana cin bashi ya sayo ninki biyu na kayan bara, har a 1975 bankinsa ya rufe masa asusu, wani kamfanin kasuwanci na Japan mai suna Nissho ne ya cece shi. Ya tsira, shi ya sa ya samu bakin ba da labari. Nawa ne suka yi irin wannan kasadar suka nutse, ba wanda ya buga musu littafi? Ga kuma maganar kuɗin ruwa, wadda yawancin 'yan kasuwarmu ke gudu. Tsarin da ya ɗaga Knight ba shi ne tsarin da yaron Kwari yake ciki ba, inda jari yake fitowa daga ubangida, ko adashi, ko kayan da aka ba ka a kan amana ka sayar ka kawo. Littafin kuma a 1980 ya tsaya, lokacin da kamfanin ya shiga kasuwar hannun jari. Surutun da aka yi daga baya a kan halin ma'aikata a masana'antun Asiya da ke ɗinka takalman, 'yan shafuka kaɗan ya ba shi a ƙarshe, kuma da muryar mai kare kansa.

Wannan ciwo ne na duk littafin da mai abu ya rubuta. Walton ma bai zauna ya ƙirga ƙananan kantunan da suka mutu a garuruwan da ya shiga ba, sai dai ya ce masu saye ne suka zaɓa. Ba ƙarya suke yi ba. Mutum ne ya tsufa yana ba jikokinsa labari, ya san inda zai daɗe da inda zai yi sauri.

Rukuni na biyu misali ɗaya ya isa: Titan na Ron Chernow, 1998, tarihin John D. Rockefeller, attajirin man fetur na Amurka. Tubali ne, shafi wajen ɗari takwas, Turancinsa kuma yana son haƙuri. Rockefeller ya fara aiki a 1855 yana ɗan shekara 16 a matsayin mataimakin mai riƙe littafin lissafi a birnin Cleveland, yana rubuta duk sisin da ya kashe da wanda ya bayar sadaka a wani ɗan littafi da ya ajiye har tsufansa. Ya kafa Standard Oil a 1870, lokacin da kananzir na fitila ake nema a jikin ɗanyen mai, mota ba ta zo ba. Bai bi haƙar rijiya ba, don caca ce. Tacewa da sufuri ya kama. Ya ƙulla da kamfanonin jirgin ƙasa suna yi masa rangwame a asirce, a 1872 cikin 'yan makonni ya saye matatu 22 daga cikin 26 na abokan hamayyarsa a Cleveland, kafin shekara goma kusan kashi 90 cikin ɗari na tace mai a Amurka yana hannunsa. A 1911 kotun ƙoli ta ba da umarni a farfasa kamfanin gida 34.

Chernow ya nuna mutumin ta fuska biyu, mai ibada da kyauta, kuma marar tausayi a ciniki, bai ce ka so shi ko ka ƙi shi ba. Wanda yake son ya fahimci gardamar da ake yi a ƙasar nan duk lokacin da mutum ɗaya ya yi girma a siminti ko sukari ko mai, zai samu abin tunani a nan. Amma ban ba ɗan yayana shawarar ya fara da shi ba. Na san shi, zai kai shafi na sittin ya mayar da shi abin danne rasit.

Rukuni na uku nan zuciyata take, kuma littattafai biyu nake gwama wa juna: ɗaya a kan akwatin ƙarfe, ɗaya a kan gyaɗa.

The Box na Marc Levinson, wanda ya fito a 2006, tarihin kwantena ne. Duk ɗan Kwari yana cewa "kwantenata tana hanya", amma ƙalilan ne suka san cewa abin bai kai shekara tamanin ba. Ranar 26 ga Afrilu 1956 wani tsohon jirgin dakon mai da aka gyara, Ideal-X, ya tashi daga Newark zuwa Houston a Amurka da akwatuna 58. Mai shi, Malcom McLean, ba ɗan teku ba ne, mai manyan motoci ne da ya gaji da ganin kaya suna kwana a tasha ana sauke su buhu-buhu. A lissafin da littafin ya kawo, loda tan ɗaya da hannu a wancan lokaci yana cin kusan dala shida, a sabon tsarin kuwa bai kai senti 16 ba.

Da a nan labarin ya tsaya, da ya zama irin na su Knight. Abin da ya sa na fifita shi shi ne Levinson ya nuna akwatin shi kaɗai bai canza komai ba. Sai da aka shafe shekaru ana rigima a kan tsawonsa kafin a tsaya a ƙafa 20 da ƙafa 40 da muka sani yau. Sai da aka ƙera ƙugiyoyin ɗagawa, aka sake fasalin jirage, aka yi ta fama da ƙungiyoyin 'yan dako da suka ga abincinsu zai tafi, kuma ya tafi ɗin. Yaƙin Biyetnam ne ya ba shi kasuwa babba, jiragen da suka kai wa sojoji kaya suka riƙa biyawa ta Japan a hanyar dawowa don kada su koma fanko. Tsofaffin tasoshin Landan da na tsakiyar New York suka mutu, wasu wuraren da ba a san su ba, irin Felixstowe a Ingila, suka tashi. McLean kansa, wanda ya fara abin, kamfanin jiragen da ya saya daga baya ya karye a 1986. Wannan jimla ta ƙarshe ba za ka same ta a littafin da mai kamfani ya rubuta wa kansa ba.

Na karanta shi ina tuna Bompai da Sharaɗa da Challawa. Mun saba ɗora mutuwar masaƙunmu a kan rashin wuta da fasa-ƙwauri da sakacin gwamnati, kuma duk gaskiya ne. Littafin ya ƙara mini wani dalili da ban taɓa sa shi a lissafi ba: da kuɗin dako ya faɗi ƙasa warwas, nisan da ke kare masaƙar gida daga ta Sin ya daina kare ta. Atamfar da ɗan yayana ke sayarwa a cikin wannan akwatin ta zo, kuma tashar tsandauri ta Dala da aka ƙaddamar a Zawaciki a 2023 jikar wancan jirgi ce na 1956. Turancinsa matsakaici ne, sai dai babukan da ke kan ƙungiyoyin ƙwadago da dokokin sufurin Amurka suna da nauyi. Na yafe wa kowa ya tsallake su a karatun farko.

Na gyaɗa kuwa, Nigerian Groundnut Exports na Jan Hogendorn, an buga shi a 1978, har da hannun maɗaba'ar Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya. Ba shi da kauri, ba shi da ado, aikin jami'a ne mai jadawalin alƙaluma. Amma labarin garinmu ne, kuma ya fi duk na sama ban mamaki.

Lokacin da Turawa suka shimfiɗo layin dogo ya iso Kano a 1911, aka buɗe shi ga kaya a 1912, auduga suke nema. Masaƙun Lankasha a Ingila suna son su rage dogaro da audugar Amurka, sun kafa ƙungiya tun 1902 don haka, suna ganin ƙasar Hausa ce za ta cike gurbin. Manomin Kano ya yi nasa lissafin. Audugarsa masaƙan gida suna saye da daraja fiye da farashin Bature, don Kano ta daɗe tana saƙa da rini tana kai wa har hamada. Gyaɗa kuma ta zo daidai da lokacin da masana'antun Turai suka gano yadda ake daskarar da man tsiro a yi man shafa wa burodi, farashinta ya hau. Tana yi a jigawa, tana gyara ƙasa, in shekara ta ɓaci kuma a ci ta, abin da ba a yi da auduga. Sai gyaɗa ta cika tashar jirgi har aka rasa taragun ɗiba: daga tan dubu biyu da 'yan kai a 1912 zuwa sama da tan 19,000 a 1913. Yunwar 1914 da yaƙin duniya suka dakushe ta na ɗan lokaci, sannan ta dawo ta ninka.

Wa ya kai wa manomi labarin farashi tun kafin shuka? Ba Bature ba, shi bai san ƙauye ba. Fataken goro ne, irin su Umaru Sharubutu Koki da Maikano Agogo da Adamu Jakada, daga baya Alhassan Ɗantata, wanda ya zo ya fi kowa. Suna da jari, suna da yara a kowace kasuwar ƙauye, suna da amanar da aka gina tun zamanin jakuna. Suka karɓi kuɗin kamfanonin Turawa suka watsa yaransu, abin da suka iya a goro suka juya shi kan gyaɗa cikin damina ɗaya. Dalar gyaɗar da muke gani a tsofaffin hotuna daga nan ta samo asali. Darasin da ɗan kasuwa zai ɗauka a nan ya fi "ka dage, za ka yi nasara" amfani: hanya sabuwa ta buɗe, masu mulki suna kallon wani kaya, waɗanda suka riga suka mallaki mutane da amana suka ga wani daban.

Wanda wannan ya yi masa daɗi, yayansa shi ne Caravans of Kola na Paul Lovejoy, 1980, a kan fataucin goro daga 1700 zuwa 1900: Agalawa da Tokarawa da Kambarin Barebari, madugu da zango da fatoma, kanwa da tufafi da fata su tafi Gwanja, goro ya dawo. Shi ke bayyana inda su Ɗantata, waɗanda Agalawa ne, suka koyi abin da suka yi a gyaɗa. Ƙanensa kuma The Advance of African Capital na Tom Forrest, 1994, wanda ya bi 'yan kasuwar Najeriya da suka shiga masana'antu, daga Kano har Nnewi da Aba da Legas.

Matsalar waɗannan ukun samu. Na Walton da Knight a kan tebur za ka gan su a bakin titi, wani lokaci bugun da bai da inganci. Na taɓa sayen wani a hannun mai talla a danja, na je gida na tarar shafi goma sha shida sun maimaita kansu, wasu sha shida babu su. A buɗe a duba tsakiya kafin a biya. Na Levinson da Chernow sai manyan shagunan littattafai ko a yi oda. Na Hogendorn da Lovejoy kuwa sun daɗe da barin kasuwa, sai ɗakunan karatu na jami'a ko wurin malaman tarihi da suka ajiye nasu. Abin yana ba ni haushi, a ce tarihin sayar da takalma a Oregon, jihar su Knight a Amurka, ya fi sauƙin samu a Kano a kan tarihin gyaɗar Kano, kuma duk da Turanci, alhali jikokin waɗanda suka yi aikin suna nan Koki da Sarari suna magana da Hausa.

To, wanne? In kana tsaye a shago ne kana son abin da za ka gwada gobe da safe, Walton. In zuciyarka ta karaya kana son abin da zai tashe ka, Knight, amma kada ka kwaikwayi yadda yake cin bashi. In kana shigo da kaya, ko kana tunanin kafa 'yar masana'anta kana son sanin abin da zai iya kashe ta daga nesa, Levinson. Chernow na mai dogon hutu ne. Hogendorn kuwa na duk wanda yake ciniki a garin nan ne, in ya same shi, ko da zai sha wuyar shafukan alƙaluma.

Ɗan yayana na ce ya sayi Walton da kuɗin guda ɗaya, ya riƙe na biyun har sai ya gama, in ya gama ya nemi The Box. Na ɗauko nawa Hogendorn, wanda bangonsa ya sha selotef, na ba shi aro da sharaɗin kada ya kwana a shago, don na san ɓerayen Kwari da gobarar kasuwa.

Bayan mako biyu ya kira ni da daddare. Na zaci maganar fataken goro zai yi. Ya ce, "Baffa, kun san wani lauya mai sauƙin kuɗi? Takardar hayar shagona nake so a duba mini, na karanta ta sau uku ban ga inda aka ce za a sabunta ba." Na tambaye shi na gyaɗa fa? Ya ce yana shafi na talatin, a ƙara masa wata ɗaya.